Sharhi kan kayan auna saurin tambaya na PostgreSQL a kwamfutar ofishin manoma

Rumbun bayanan da na yi aiki da waɗannan kayan a kansa na wata ƙungiyar manoman shinkafa ne a yankin Haɗeja. Manyan teburansa uku ne: na sunayen manoma, na taki da irin da aka ba su bashi, da na awon shanshera idan kaka ta yi. Yana zaune a kan tsohuwar laftof mai ram 4GB da faifai mai juyawa, sola ce ke ba ta wuta, akawu kuma suna shigowa daga nasu kwamfutocin ta rauta. Hukuncina shi ne, kayan awon da PostgreSQL, wato manhajar da ke tafiyar da rumbun, ya zo da su kyauta sun wadatar ƙwarai, ba sai an sayi komai ba. Amma a kan irin wannan inji milisakan ɗin da suke nunawa ba ya zama wuri ɗaya, don haka adadin shafukan da tambaya ta taɓa shi ne awon da na fi dogara da shi.

Mafi sauƙi shi ne \timing a cikin psql, manhajar da ake tura wa rumbun tambaya da ita, wato umarnin SQL na neman bayani. Ka kunna shi, duk tambayar da ka tura zai gaya maka lokacin da ta ɗauka daga fitarta zuwa isowar amsa. Amfaninsa ɗaya ne amma babba: ka gudanar da tambaya a kan laftof ɗin da rumbun yake, ka sake gudanar da ita daga kwamfutar akawu. Idan tazarar ta yi yawa, laifin rauta ne ko raunin sigina, kada ka wahalar da kanka da gyaran SQL. Bayan wannan ba ya gaya maka komai game da inda lokacin ya tafi.

Tun a nan za ka ga tambaya ɗaya tana ba da lokaci biyu mabambanta, na farko dogo, na biyu gajere. PostgreSQL yana adana bayanai a shafuka masu girman 8kB, kuma yana riƙe waɗanda ya karanta a cikin ram, a wurin da saitin shared_buffers ya keɓe. Asalin saitin 128MB ne, wato shafi 16,384. Linux ma yana riƙe nasa kwafin a ragowar ram. A manyan kamfanoni, inda saba, wato injin da ke ɗauke da rumbu, ke kwana a kunne wata da watanni, awo na biyu shi ne ainihin abin da masu aiki ke gani. A ƙauye ba haka ba ne. Ana kashe injin da daddare don a tanadi batir, saboda haka duk safiya ram wayam take, kuma manomin da ya fara zuwa shi ke jiran faifai. Dole a auna yanayin biyu. Don samun awon safiya da rana tsaka, ka tsayar da PostgreSQL, ka buga sync, ka rubuta 3 cikin /proc/sys/vm/drop_caches, sannan ka tayar da shi. Idan jinkirin safiyar ya dame ka, akwai pg_prewarm. Tun sigar 11 yana iya tuna shafukan da ke cikin shared_buffers ya dawo da su da kansa bayan an kunna.

EXPLAIN ANALYZE, umarnin da ake sawa gaban tambaya don ya nuna matakan da ta bi da lokacin kowanne, shi ne uban tafiyar, kuma shi na fi yabawa. Abu na farko da ya kamata kowa ya sani: yana gudanar da tambayar da gaske. In ka sa shi gaban UPDATE ko DELETE, bashin manomi zai canza ko ya goge. Ka fara da BEGIN, ka rufe da ROLLBACK, ko da kuwa kana ganin ka tabbatar da abin da ka rubuta.

Kowane layi na sakamakon yana ɗauke da lissafi kashi biyu. Kashin da ya fara da cost hasashe ne na mai tsara hanya, wato ɓangaren PostgreSQL da ke zaɓar yadda za a nemo amsa, kuma ba milisakan ba ne. Ma'auni ne na cikin gida, inda karanta shafi ɗaya a jere ya zama 1, karanta shi a warwatse ya zama 4. Kashin da ya fara da actual time shi ne abin da ya faru: lamba ta farko lokacin fitowar layin farko, ta biyu lokacin fitowar na ƙarshe. Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne loops. Lokacin da aka nuna matsakaicin zagaye ɗaya ne, sai ka ninka shi da yawan zagayen. A ce mataki ya nuna 0.05 da loops=40000. Ido zai wuce shi don lambar ƙarama ce, alhali ya ci milisakan 2,000, daƙiƙa biyu cur. A ganina wannan rauni ne a tsarin nunin, ya kamata a ce jimillar tana fitowa a fili. Haka kuma ana karanta sakamakon ne daga layin da ya fi shigewa ciki zuwa waje, lokacin kowane mataki kuma ya haɗa da na waɗanda ke ƙarƙashinsa. Wanda ya tara su duka zai sami lissafin da ya zarce gaskiya.

Sai ka kwatanta rows na hasashe da rows na zahiri. Idan an yi hasashen 50 aka sami 30,000, mai tsara hanya ya yi aiki da tsohon labari ne, kuma da wuya hanyar da ya zaɓa ta yi kyau. Wannan ya fi faruwa lokacin kaka, da ake zuba awo da yawa cikin ƴan kwanaki. Autovacuum, aikin da ke kula da tebura da kansa a bayan fage, ba ya sabunta ƙididdigar tebur da mai tsara hanya ke dogara da ita sai layukan da suka canza sun haura 50 haɗe da kashi 10 cikin ɗari na teburin. Teburi mai layi 200,000 ke nan sai an taɓa fiye da 20,050. Ga kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye: idan wuta ta ɗauke PostgreSQL ya mutu ba shiri, ma'aunan da ke ƙirga waɗannan canje-canje suna komawa sifili bayan ya farfaɗo. A ofishin da inbata ke yanke wuta ba sallama, ƙirgar tana iya daɗewa ba ta kai iyakar ba. Maganin ba wuya: a buga ANALYZE da hannu bayan kowace babbar shigarwa da bayan kowace mutuwar bazata. Samfurin layi 30,000 kawai yake ɗauka daga tebur a asalin saiti, ba ya cin lokaci.

Yanzu batun shafuka. Bayan kalmar EXPLAIN ka buɗe baka, ka rubuta ANALYZE da BUFFERS da waƙafi a tsakaninsu, ka rufe. A siga ta 18 wannan yana zuwa da kansa, a tsofaffin sigogi sai ka nema. Za ka ga shared hit, shafukan da aka samu a ram ɗin PostgreSQL, da read, waɗanda aka nemo daga waje. Dalilin da ya sa na fifita su shi ne, laftof ba ta da gudu ɗaya. Da zafin Afrilu a Jigawa, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka, furosesa tana rage gudunta don kada ta ƙone. Da an cire caja ta koma kan batir, tsarin tanadin wuta ya sake rage shi. Kamar awon shanshera ne, buhu ɗaya yana ba da nauyi daban gwargwadon danshin da ke jikinsa. Ka gyara tambaya da safe ka auna da azahar, sai ka ɗauka gyaran ya ɓata ta. Jimillar hit da read kuwa kusan ɗaya take fitowa muddin hanya da bayanan ba su canza ba. Tambayar da ta taɓa shafi 12,800 don ta kawo layi ashirin ta ratsa 100MB, kuma wannan ɓarna ce ko injin na da zafi ko yana da sanyi. Idan bayan gyara ta koma shafi 40, an ci nasara, ko agogo ya yarda ko bai yarda ba.

Sai dai read ba ya nufin lallai an je faifai, domin Linux na iya bayar da shafin daga nasa ram. Ka kunna track_io_timing, wanda a kashe yake zuwa, zai ƙara maka lokacin da aka ɓata wajen jiran karatun.

Da wannan kayan na ga cututtukan da suka fi yawa a irin wannan rumbu. Teburin bashi yana nuni ga teburin manoma ta lambar manomi, amma PostgreSQL ba ya ƙirƙirar fihirisa, wato jerin da ke saurin kai shi ga layin da ake nema, da kansa a ɓangaren da ke nunin. Sai ka ga Seq Scan, wato karanta teburin gaba ɗaya, da Rows Removed by Filter, layukan da aka karanta aka watsar, mai lamba dubbai, don kawai a buɗe bashin mutum ɗaya. CREATE INDEX a kan wannan ginshiƙi ya kashe maganar. Na biyu, neman awon wata rana ta hanyar naɗe ginshiƙin lokaci cikin aikin da ke ciro kwanan wata. Fihirisar da ke kan ginshiƙin ba za ta yi aiki ba. A rubuta shi a matsayin tazara: daga farkon ranar zuwa ƙasa da farkon washegari. Na uku shi ne neman suna. Mutum ɗaya ana iya rubuta shi Muhammad, Muhammadu ko Mohammed, shi ya sa akawu ke neman guntun suna da LIKE da alamar % gaba da baya. Fihirisar yau da kullum ba ta iya komai a kan wannan. A saka pg_trgm, a gina fihirisar GIN a kan ginshiƙin suna, kuma a riƙa rubuta aƙalla harafi uku, domin da gutsattsarin harafi uku-uku take aiki. Ba kowane Seq Scan ne ciwo ba. Teburin sunayen ƙauyuka da bai wuce shafi biyu ba, ko rahoton da ke buƙatar awon kakar gaba ɗaya, karanta shi a jere ya fi.

Idan ka ga Sort Method: external merge tare da kalmar Disk, jerantawar ta fi ƙarfin work_mem, ram ɗin da aka keɓe wa irin wannan aiki, wanda asalinsa 4MB ne, ta zube kan faifai. Kada a ɗaga shi ga kowa da kowa. Kowane matakin jerantawa a kowace tambaya yana iya cin wannan adadi, injin 4GB kuma ba shi da wannan sararin. A yi SET work_mem zuwa 32MB a zaman da ke fitar da rahoton kaɗai.

EXPLAIN ANALYZE yana da aibi biyu da ya kamata a faɗa. Yana duba agogo sau da yawa a kan kowane layi, kuma a tsohon inji wannan dubawar kanta tana ƙara lokaci. Akwai pg_test_timing da zai nuna maka tsadar duba agogon a injinka. In ta yi yawa, ka ƙara TIMING OFF, za ka ci gaba da samun yawan layuka da shafuka da jimillar lokaci. Na biyu, ba ya tura sakamakon ga mai tambaya, watsar da shi yake yi. Rahoton da ke kwaso dukkan ginshiƙai na layi dubbai zai nuna sauri a nan, ya yi nauyi a gaban akawu. Siga ta 17 ta kawo SERIALIZE da ke ƙirga aikin mayar da bayanan zuwa sigar turawa, amma tafiyar cikin rauta har yanzu sai \timing.

Duk wannan yana aiki ne idan ka san tambayar da za ka duba. Wanda ke nuna maka ita shi ne pg_stat_statements. Ana rubuta sunansa a shared_preload_libraries, a sake tayar da PostgreSQL, sannan a buga CREATE EXTENSION. Kada a yi wannan ranar rabon taki da mutane ke kan layi. Yana haɗa tambayoyi masu siga ɗaya wuri guda, ya maye lambobin da ke ciki da $1 da $2, ya riƙe har iri 5,000. Ka jera su da total_exec_time, wanda kafin siga ta 13 sunansa total_time. Tambaya mai milisakan 20 da aka kira sau 5,000 ta ci daƙiƙa 100. Rahoto mai daƙiƙa 8 da aka fitar sau biyu ya ci 16 kacal, amma shi kowa ke ƙorafi a kai. Idan calls, wato yawan kira, na wata ƙaramar tambaya ya yi daidai da yawan manoman da ke shafin allo, manhajar tana tambayar bashin kowane mutum ɗai-ɗai ne maimakon ta haɗa su da JOIN, kuma gyaran a manhaja yake. Inda ya gaza: yana ba da matsakaici da mafi ƙanƙanta da mafi girma, amma ba zai gaya maka wane manomi aka nema lokacin da ta yi jinkiri ba, kuma abin da ya tara yana ɓacewa idan injin ya mutu ba shiri. Don haka nake haɗa shi da log_min_duration_statement a kan 500, duk tambayar da ta kai rabin daƙiƙa ta shiga kundi da cikakkun lambobinta. Wannan kundin zai ƙunshi sunaye da lambobin wayar mutane da bashinsu, amana ce, kada a tura shi zauren WhatsApp don neman taimako ba tare da an goge su ba.

pgbench, kayan gwada rumbu da masu aiki da yawa a lokaci ɗaya, bai burge ni ba a gwajinsa na asali. Yana kwaikwayon ajiya da cirar kuɗi a banki, da layi 100,000 a kowane mataki na girma, abin da bai yi kama da aikinmu ba. Yana da amfani idan ka ba shi tambayoyinka da -f, ka sa -c daidai da yawan akawunka, -n don kada ya nemi teburansa, -r don lokacin kowace tambaya, da -T na aƙalla daƙiƙa 300. A kan kwafin rumbu ake yi, da caja a jiki.

Wannan gwajin ne zai nuna cewa rubutu a faifai mai juyawa yana da nauyi, kuma za a sami mai ba da shawarar a kashe fsync, saitin da ke tabbatar da cewa rubutu ya sauka kan faifai da gaske. Lambobin za su yi kyau nan take, amma ɗaukewar wuta ɗaya na iya lalata rumbun gaba ɗaya. Kashe synchronous_commit, saitin da ke jiran rubutu ya sauka kan faifai kafin a ce an adana, bai kai haka haɗari ba, ba ya lalata rumbu, sai dai ana iya rasa abin da aka shigar a ƙasa da daƙiƙar ƙarshe kafin mutuwar, bayan allo ya riga ya ce an adana. A teburin biyan bashi ban yarda da ko wannan ba. A sauya faifan da SSD, a sauke random_page_cost, ma'aunin karanta shafi a warwatse, daga 4 zuwa wajen 1.1, sannan a sake awon safiya da na rana.