Barin GHB: kwanciya a asibiti ko jinya daga gida?

Ana yawan tambayata wanne ya fi wa mai son barin GHB, ruwan mayen gidajen rawa na Turai.

Wanda ya kamu yakan sha duk bayan awa 2 ko 3, har tsakar dare. Ya yanke kwatsam, cikin 'yan awanni sai rawar jiki, gumi, gane-gane, wani har farfaɗiya. A asibiti ana sa masa ido dare da rana, ana ba shi diazepam, maganin kwantar da jijiyoyi; a Holan da GHB na likita ake rage masa sannu a hankali. Matsalar asibiti tsada da ajiye aiki.

Gida ya fi arha, amma kwalbar na kusa, kuma ruɗewa ba ta jiran safiya. Wannan ke ba ni tsoro.

Mai sha ba dare ba rana, asibiti ne nasa. Mai sha kaɗan, da ɗan'uwa a gefe, likita na duba shi kullum, gida zai iya yi masa.