Na gwada sandunan DGT wajen auna karafa a lakar gabar teku, ga ra'ayina

Masu aikin gwajin gurbatar ruwan gabar teku sun dame ni da tambaya ko DGT din nan, wato abin cafke karafan da suka narke a ruwan laka don a auna su, ya cancanci wahalarsa, to bayan na yi aiki da shi sau da dama bari in fada muku gaskiya.

Da can laka muke debowa mu busar mu narka da asid, sai ka samu adadin dalma da tagulla da tutiya da kadmiyom da ke ciki gaba daya, amma wannan bai gaya maka ko karfen yana kwance ne abinsa ko yana tsiyayowa cikin ruwa inda kifi da kawa za su kwasa ba. Nan DGT ya burge ni, don shi karfen da ke tsiyayowar yake cafkewa. Bill Davison da Hao Zhang ne suka kirkiro shi a jami'ar Lancaster ta Ingila, suka wallafa a 1994. Sandar roba ce shafaffiya kamar rula, da 'yar taga mai tsawon santimita 15, a ciki akwai takardar tacewa, sai jel da karfen ke ratsawa, sai wani jel mai sinadarin Chelex da ke cafke shi. Ka soka ta a laka ka bar wani sashe cikin ruwa, kwana daya ka zare.

Ranar da na fara yanka jel din siriri siriri muka kai injin ICP-MS mai auna yawan karafa, wallahi sai da na tsaya kallon sakamakon. Manganis ya taso 'yar tazara kadan kasa da saman laka, bakin karfe na biye da shi daga kasa, daidai inda oksijin ya kare, tsatsar da ke rike da sauran karafan ta fara narkewa, can kasa kuma inda lakar ta yi baki tana warin rubabben kwai sai tagulla ta yi kasa sosai saboda salfaid ya daure ta. Abin da ake zana mana a allo ne na gani da idona.

Amma fa akwai ciwon kai. Dole ka kwana kana hura wa sandunan naitirojin don cire oksijin, in ka yi jinkirin sokawa a laka aikin ya tashi a banza. Tutiya kuma bala'i ce, safar hannu mai hoda kadai ta isa ta bata maka gwaji, ni nan na yi asarar sanduna uku haka, laifina ne dai. Kar ka manta rubuta zafin ruwa, lissafin ba ya fita sai da shi. Kuma Chelex ba na zaiba da asanik bane, wadannan nasu jel din daban ake oda.

Wani abu, guri daya tak sandar ke gani, ramin tsutsa ko kaguwa a kusa sai ya canza lamba, shi yasa nake soka uku uku. Mai son sanin abin da ke fita daga fili mai fadi gara ya hada da akwatin da ake kifawa a kasan teku.

Tauraro hudu cikin biyar na ba shi, kuma na riga na sake yin oda.