Garmahon AT-LP120X da faifan CD: abin da kunnena ya ji

Masu son faifan garmaho sun daɗe suna cewa sautin dijital ba shi da rai. Don in ji da kunnena, na haɗa na'urar Audio-Technica AT-LP120X da amfilifaya da lasifikan da nake sauraron CD da su.

Na'urar ta burge ni. Motarta ce ke juya farantin kai tsaye, babu bel, kuma tana da gudu uku: 33, 45 da 78. Tana zuwa da kan allura AT-VM95E, wanda ake saita nauyinsa a giram 2. Kada a yi wa wannan saiti gaggawa, domin idan allura ta yi sako-sako sai ta riƙa tsalle a cikin tsagi tana cin faifan. Akwai kuma ƙaramin amfilifaya na fono a cikinta. Aikinsa ya samo asali ne daga ƙa'idar da RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, ta kafa a 1954: lokacin yanka faifai ana rage bes, wato sauti mai kauri, don tsagin ya samu wuri, a kuma ƙara siririn sauti don ya rinjayi ƙas-ƙas ɗin faifai, amfilifayan kuma ya mayar da komai daidai.

Na sa kundi ɗaya a garmaho da CD, na daidaita ƙarfin muryarsu kafin in fara. Wannan shi ne ginshiƙin gwajin. Duk wanda ya ɗan fi ƙara, kunne zai ce shi ya fi daɗi, ko da ba haka ba ne.

Wajen tsafta, CD ya yi gaba fintinkau. Idan mawaƙi ya yi shiru, ɗakin ma tsit yake yi. Tazarar da ke tsakanin sauti mafi sanyi da mafi ƙarfi a CD ta kai desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 96, faifan garmaho kuwa da ƙyar yake wuce 70. A garmaho, kafin waƙa ta fara za ka ji ƙas-ƙas, in kuma ka ɗaga hannun allurar ka duba da kyau, za ka ga ƙura ta dunƙule a bakinta kamar ɗan ƙullin auduga. A waƙar ƙarshe ta kowane gefe muryar takan ɗan shaƙe, saboda kusa da tsakiya tsagin na wucewa ƙarƙashin allura da ƙasa da rabin saurin da yake yi a bakin faifai. Halin faifan ne, ba na na'urar ba.

To amma a wasu kundayen, wallahi garmahon ya fi shiga raina. Ganga tana fita da nauyinta, murya tana da sarari. Dalilin yana wurin masu tace sauti. Daga shekarun 1990 an shiga gasar ƙara, ana matse kiɗan dijital har mai sanyi da mai ƙarfi su zama kusan ɗaya, alhali sau da yawa ana barin na faifan garmaho ya sake. Da na samu CD ɗin da ba a matse ba, wannan fifikon ya ɓace, CD ya sake yin gaba.

Wanda yake da tarin faifai, na'urar nan za ta riƙe masa su da mutunci. Ya dai tanadi burushin share ƙura, ya kuma tuna kamfanin ya ce a sauya irin wannan allura bayan kimanin awa 300. Wanda kuwa ingancin sauti kaɗai yake nema, gara ya fara da lasifika masu kyau, ya janye su daga jikin bango, ya zauna a tsakiyarsu.