Ajin Zoom ko na Moodle, wanne ya fi wa ɗalibin tarihi?

Masu shirin ɗaukar kwas ɗin tarihi ko adabi ta intanet, ku duba irin ajin kafin ku yi rajista, don dokokinsu ba ɗaya ba.

Na Zoom kai tsaye ne, ana kiran suna, wasu malaman ma sai ka kunna kyamara, in ka makara ko netwok ya yanke to makin halarta ya tafi. Amma fa wallahi daɗin muhawara a nan yake, a jefo tambaya kan jihadin 1804 ko faɗuwar daular Songhai a 1591, kowa ya faɗi nasa, nan take malam ya gyara maka.

Na Moodle kuwa, wato shafin koyarwa na intanet da makarantu ke amfani da shi, an ɗora bidiyo da karatu kai za ka zaɓi lokacinka, ni bayan isha'i nake zama in yara sun yi barci. Sai dai ranar miƙa aiki ba wasa, in an ce Lahadi 11:59 na dare to shafin rufewa yake, ga dandalin tattaunawa da sai ka rubuta naka sannan ka amsa wa 'yan aji biyu. Na taɓa rasa maki don an ɗauke wuta wayata ta mutu ƙarfe 11, abin ya yi min ciwo sosai.

Satar rubutu dai duka biyun ba sa yafewa, makarantu da yawa da Turnitin suke dubawa, wato manhajar da ke gano rubutun da aka kwafo. Ni na Moodle na zaɓa saboda aiki, kuma ba ya cin data kamar Zoom.