Rage Girman initramfs Ko Sauya Wurin Lodinsa

Idan na'ura mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, kamar allon BeagleBone Black mai RAM megabait 512, ta tsaya cak yayin tashi saboda initramfs, wato matsattsen fayil mai ɗauke da direbobi da manhajojin da Linux ke buƙata a farkon tashi, ya kumbura, injiniya yana da hanya biyu.

Ta farko ita ce sauya adireshin lodi a U-Boot, manhajar da ke loda tsarin aiki cikin RAM idan an kunna allon. Sau da yawa fayil ɗin ne yake hawa kan wurin da aka ajiye kernel (zuciyar tsarin Linux) ko bayanin kayan allon, don haka a ɗaga ramdisk_addr_r ko a gyara initrd_high, saitunan U-Boot da ke tsara inda ake ajiye fayil ɗin, sai na'urar ta tashi. Aiki ne na mintoci kaɗan, kuma ba ya taɓa abin da ke cikin fayil ɗin. Sai dai ba ya ƙara wa RAM ko bait ɗaya.

Ta biyu ita ce rage fayil ɗin kansa, kuma ita na fi amincewa da ita, domin kernel yana warware initramfs gaba ɗaya cikin RAM, inda tmpfs, ma'ajiyar fayiloli ta wucin gadi da ke cikin RAM, bisa al'ada ba ya wuce rabin ƙwaƙwalwar. Idan wurin ya cika sai warwarewar ta katse, a rasa init, manhajar farko da kernel ke kunnawa. A nan matsewa da manhajar xz ba ta wadatarwa, tunda girman bayan warwarewa yana nan yadda yake. Dole a cire direbobin da allon ba ya buƙata, misali da saitin MODULES=dep a tsarin Linux na Debian, a kuma maye gurbin manyan manhajoji da BusyBox, ƙaramar manhaja guda mai yin aikin da yawa daga cikinsu. Haɗarinta shi ne a cire direban katin SD bisa kuskure, shi ya sa ake gwada kowane ragi ana karanta saƙonnin tashi ta wayar siriyal.