Waya ko kamara wajen ɗaukar zanen tsofaffin gine-gine?

Malam, ka tambaya ko wayarka za ta wadatar wajen ɗaukar zanen da ke jikin tsofaffin gine-ginen cikin birnin Kano, ko sai ka aro kamara. Ya danganta da inda zanen yake: daidai idonka, ko can sama kusa da zanko.

In a zaure ne ko bakin ƙofa, waya ta fi. Lungunan cikin birni matsattsu ne, ba wurin ja da baya, ita kuwa tana kwaso bango da faɗinsa daga kusa. Ko a ɗakunan Gidan Makama, gidan tarihin nan na Kano, inda haske bai da yawa, wayoyin yanzu kan fito da bakan gizo da jerin azara ba tare da ka kunna fitila ba. Mutane ma ba sa tsarguwa da ita kamar yadda suke yi da babbar kamara.

Da ka ɗaga ta sama kuwa, nan take gazawa. Ginin zai fito kamar zai kife ta baya, zanko biyu su karkato suna neman haɗuwa. In ka ce bari ka jawo hoton da yatsa, sai kaushin makuba da sawun hannun magini su narke, bangon ya koma sumul. Abin da ya fi damuna shi ne yadda waya ke haskaka inuwa da kanta. Zanen dagi da aka tayar da taɓo ba launi ke nuna shi ba, siririyar inuwar da ke kwance a gefen kowane layi ce. In ta tafi, zanen ya tafi.

A nan kamara ta yi mata nisa. Da dogon gilashi mai jawo nesa kusa, kamar mai milimita 200, za ka tsaya can tsallaken fili, irin wanda ke gaban Ƙofar Kudu ta fadar Sarkin Kano, ka ɗauko zanko da indararo a miƙe, har da tsagar da damina ta bari. Kai ne kuma mai yanke yawan duhun da za ka bari. Sai dai tana da nauyi, kuma da hunturu kada ka kuskura ka canja gilashi a waje, ƙura za ta shige ta.

Kowace ka riƙe, jira lokacin da rana ke bugun bangon daga gefe, da hantsi ko bayan la'asar. Zane mai fenti shi kam ya fi kyau a inuwa, don rana mai ƙarfi na kashe launinsa.

Ni dai in ɗaya za ka fita da ita, kuma zanko kake hari, aro kamarar. Ka yi sallama da maigida kafin ka saita ƙofarsa, a fada kuma ka fara neman izini wurin dogarai.