Plickers a ajin firamare: waya ɗaya da katin takarda, ga abin da na gani

Malamai 'yan uwa, yau dai a kan Plickers zan yi magana, tunda kullum in aka kawo zancen fasaha a aji sai ka ji ana lissafo kwamfuta da tablet da furojekta, alhali mu a makarantar gwamnati wani lokacin allin ma da kuɗinka kake saya. Ita wannan manhajar abin da ya ja ni gare ta shi ne yaro ba ya buƙatar komai sai takarda guda ɗaya, wayar malam ita kaɗai ce na'ura a ajin. Wani malamin lissafi ne a Kalifoniya ta Amurka mai suna Nolan Amy ya ƙirƙiro ta, saboda 'yan na'urorin nan da ake raba wa ɗalibai su danna amsa sun yi wa makarantarsa tsada, ka ga kenan daga tushe ma rashin kuɗi ne ya haife ta, shi ya sa ta ɗan yi kama da mu.

Yadda take aiki ba wuya. Za ka buɗe akawun a shafinsu kyauta, ka sa sunayen yaran ajinka, kowane yaro a ba shi lamba. Sai ka sauke katunansu ka kai bizines santa a buga maka. Kowane kati yana da wani baƙin zane mai kusurwa huɗu kamar irin wanda ake sikanin ɗin nan, kuma a gefe huɗun an rubuta A, B, C, D da ƙananan baƙaƙe. Ka yi tambaya, yaro ya juya katinsa har harafin da ya zaɓa ya koma sama, ya ɗaga. Kai kuma ka tsaya gaban aji ka bi su da kyamarar waya daga wannan bango zuwa wancan, sunayensu na fitowa a sikirin, wanda ya ci da kore wanda ya faɗi da ja. Kafin ka sauke hannu ka san mutum nawa suka zaɓi A, nawa suka tafi C, da kuma su waye.

To me ye abin birgewa a nan? Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san cutar "kun gane?" "Eeeeh malam!" Aji gaba ɗaya su amsa da murya ɗaya har rufin kwano na rawa, kai ma ranka ya yi fari ka wuce darasi na gaba, sai ranar jarabawa ka ga yara biyar ɗin nan na bencin gaba ne kawai suke tare da kai, sauran bakinsu ne ke motsi. In ka ce a ɗaga hannu, su biyar ɗin ne dai. In ka ce wanda ya yarda amsar kaza ce ya miƙe, kowa sai ya saci kallon yarinyar da ta fi ƙoƙari, in ta miƙe a miƙe. Katin nan ya kashe wannan dabarar, don zanen kowa daban yake kuma harafin ƙanƙane ne, na kusa da kai ba zai gane me ka ɗaga ba. Yarinyar nan mai kunya da ke can lungu ta rufe rabin fuska da hijabi wadda tun farkon zango ba ka ji muryarta ba, ita ma ta ba da amsa, kuma in ta faɗi babu wanda zai yi mata dariya tunda kai kaɗai ka gani. Wallahi ni wannan kaɗai ya isa in ce a gwada.

Amma fa abin da mutane ba sa faɗa, manhajar ba ta da wayon kanta, wayon yana wajen tambayar da ka rubuta. In ka sa amsa ɗaya ta gaskiya da uku na shirme to ɓata cajinka kawai ka yi. Misali a lissafin aji uku, 47 a tara da 28. Ka sa A 65, B 75, C 615, D 19. Kowace amsa a nan labari take ba ka. Wanda ya ɗaga 65 ya manta ɗayan da aka ajiye, wanda ya ɗaga 615 ya tara 7 da 8 ya rubuta 15 ɗin gaba ɗaya kusa da 6, wato bai san gidan goma da gidan ɗaya ba kwata-kwata, shi nasa aikin ya fi girma, sai an koma da shi kan tsinke da murafen lemo a ɗaure goma-goma. Wanda ya ɗaga 19 kuwa ɗebewa ya yi, ko dai bai kalli alamar ba ko bai bambance su ba. Ka ga a tambaya ɗaya ka raba aji gida huɗu kuma ka san maganin kowane gida. Haka in ka tambayi 'yan aji huɗu tsakanin 1/2 da 1/8 wanne ya fi girma, za ka sha mamakin masu zaɓar 1/8 don sun ga 8 ta fi 2. Masu koyarwa da tsarin TaRL, wanda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta faro aka kawo shi wasu jihohinmu, sun san wannan maganar ta raba yara bisa abin da suka iya ba bisa ajinsu ba, to katin nan yana rage maka wahalar gano waye ke ina, ko da yake ba zai maye gurbin zaunar da yaro ya karanta maka da bakinsa ba.

Fuskar manhajar da Turanci take, amma tambaya kai ke rubutawa, da Hausa kake so ko da Turanci. In kana da Gboard, wato kibod ɗin waya na Google, ka sa masa Hausa za ka samu ƙ da ɗ da ɓ ɗinka. Kuma ba dole sai da furojekta ba, su can suna haska tambayar a bango daga kwamfuta, mu kuwa ka rubuta ta a allo da alli ko ka karanta musu sau biyu, shi kenan. Ni ma na fi son karantawa a ƙananan azuzuwa don kar rashin iya karatu ya kayar da yaron da ya iya lissafin.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Katunan 63 ne kacal, daga lamba 1 zuwa 63, aji ɗaya a manhajar ba ya wuce haka. A Amurka wannan ya yi musu yawa ma, a takarda kuma tsarin iliminmu na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya yara 35 a firamare, amma ku da kanku kun san abin da ke ƙasa, akwai malamar da ke da yara sama da ɗari a ɗaki ɗaya wasu a benci wasu a tabarma wasu a bakin taga. Dabara biyu ce. Ko ka raba ajin biyu a cikin manhajar kamar azuzuwa daban, ɓangaren dama su ɗaga ka ɗauka su sauke, sannan ka canza ka ɗauki na hagu, wanda gaskiya yana cin lokaci kuma kafin ka gama da waɗannan waɗancan sun fara dambe. Ko kuma ka haɗa su bibbiyu a kati ɗaya su yi shawara kafin su ɗaga. Ta biyun ta fi min, don gardamar da suke yi a tsakaninsu ita kanta karatu ce, sai dai ka rasa sanin na kowa shi kaɗai, kuma in ka haɗa gwani da mai rauni to gwanin ne zai riƙa juya katin, gara ka haɗa waɗanda suka yi kusa da juna.

Matsala ta biyu, akawun na kyautar tambaya 5 kawai yake bari ka sa a jeri ɗaya, in kana son fiye da haka a jeri guda sai ka biya kuɗin Pro, da dala. Ni ban ga dalilin da malamin firamare zai taɓa albashinsa a kan wannan ba, ka yi jeri biyu ko uku mana, kuma ma tambaya biyar masu kyau sun ishi darasin minti talatin da biyar, in ka wuce haka yaran sun gaji sun fara fifita da katin.

Ta uku, abu ne na intanet. Shirya aji da rubuta tambayoyi da duba sakamako duk sai da data, ba ta da ci sosai tunda yawanci rubutu ne, amma in makarantarku irin wadda sai an hau tudu ake samun sabis ce to ka shirya komai tun daga gida ka buɗe ka tabbatar tambayoyin sun sauka a wayar. Rubuta tambayoyin ma ya fi daɗi a kwamfuta, a waya ana yi amma da ɗan takura. Kyamara kuma na shan caji, mai fawa bank ya riƙo abinsa.

Maganar buga kati, a nan ake yawan samun matsala kuma ba laifin manhajar ba ne. Ka ce a buga a farar takarda mai kauri, baƙin ya fito sosai, ba lokacin da tawadar firinta ta kusa ƙarewa ba. Na daidai-wa-daida guda biyu ne a shafi, akwai kuma manya kati ɗaya a shafi, in ajinku dogo ne ko wayarka mai raunin kyamara ce to manyan za ka ba 'yan baya. Laminatin mai ƙyalli ɗin nan da ake yi wa satifiket kar ka yarda, haske na dukansa kyamara ta kasa karantawa, su kansu masu manhajar marar ƙyalli suka ce a yi, in babu shi a garinku ka manna takardar a jikin kwali da gam ya wadatar. Ka kuma lura da taga, in hasken yana bayan yaran katin zai yi duhu, ka matsa ka tsaya inda hasken ke bayanka. Sai koya musu riƙo, a gefe ake riƙewa, yatsa ba ya hawa kan zanen, ba a lanƙwasawa, ba a kaɗawa. Ranar farko kar ma ka sa tambayar karatu, tambaye su tsakanin shinkafa da wake da ɗanwake da taliya da tuwo wanne suka fi so, su yi ta ihu suna koyon juyawa. Kuma don Allah kar ka bari a tafi da kati gida, gobe za a ce maka ƙani ya yaga ko an naɗe ƙosai da shi. A karɓa a jera bisa lamba a sa a leda, monita ya raba ya tattara. Daɗin abin saiti ɗaya zai yi maka duk azuzuwan da kake shiga, kati mai lamba 12 a aji huɗu na wani ne a aji biyar na wata, manhajar ta san bambancin.

'Yan aji ɗaya da biyu kam ban ba da shawara ba sai in kana da haƙuri, yaron da bai gama rabe B da D ba ka ce ya nemo ƙaramin harafi ya juya shi sama, za ka ƙare kana gwada iya juya kati ne ba darasin ba. Wasu na rubuta haruffan da manyan baƙaƙe a bayan katin daidai kowane gefe don yaro ya riƙa ganin abin da ya ɗaga, yana taimakawa, amma na bayansa ma yana gani, an koma gidan jiya. Su ƙananan ƙaramin allo da guntun alli ya fi musu, kowa ya rubuta ya ɗaga. Kai ko a manyan ma allon yana da abin da ya fi katin, don a allo kana ganin yadda yaro ya bi ya kai ga amsar da yadda yake rubuta 5 ɗinsa a juye, kati kuwa zaɓi huɗu ne kawai, mai canki-canka ma zai iya dacewa. Inda katin ya yi wa allo nisa shi ne ajiya, duk amsar da aka ɗaga tana nan da suna da rana, ƙarshen wata ka buɗe ka ga Sani tun da aka shiga rabawa yake ja, ko uban yaro ya zo yana faɗa a kan sakamako ka nuna masa a hankali. Ni dai ban yarda a mayar da shi makin jarabawa ba, da zarar yara sun gane maki ne sai tsoro da leƙe su dawo, amfanin ya tafi.

Wani abu da ya kamata a yi tunani, sunayen yaran mutane kake ɗorawa a shafin kamfanin da ke wata ƙasa. Ba sai ka sa cikakken suna ba, sunan farko da harafi ɗaya ya isa, in Aishar ajin sun kai shida ka bambanta su da lamba.

A wajena daga aji uku zuwa shida, ajin da bai wuce sittin ba, malami mai wayar Android ko iPhone mai kyamara da dama-dama, na ba shi huɗu cikin biyar, ɗayan na cire ne saboda iyakar 63 ɗin nan da kuma dogaro da sabis. Sau biyu a sati ya isa, a ƙarshen darasi ko a farkon na gobe don ka ga me ya kwana a kansu. Kafin ka fara kuma ka je ofis ka nuna wa hedimasta yadda abin yake, in da hali ka ba shi kati ya ɗaga da kansa, don ranar da masu duba makarantu daga ƙaramar hukuma ko SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, suka leƙo ta taga suka ganka tsaye gaban yara ka ɗaga waya, ba za su ce koyarwa kake ba, cewa za su yi bidiyon TikTok kake ɗauka.